Satar Babur Da Mota: Amfanin Lamba, Shasi Da Inshora, Da Yadda Ake Duba Su A Waya

A misalta wani matashi a Ajingi da ya haɗa kuɗin amfanin gona da na ci-rani, ya sayi babur Boxer na hannu a wajen dillali. An miƙa masa makulli, da rasit ɗin mai shi na farko, da takardar yarjejeniya mai sa hannun shaidu biyu. Lambar da ya tarar a jiki ya bar ta yadda take, tunda ba ta hana babur tafiya. Bayan wata biyar ya je kasuwar Wudil ranar Juma'a, ya kulle babur a gindin bishiya, ya shiga ciniki. Da ya fito sai ya tarar da wurin wayam.

A caji ofis tambayoyi uku za su fara tarbarsa: mece ce lambar babur ɗin, mece ce lambar shasinsa, kuma sunan wa ke kan takardu? Lambar jiki yana iya tunawa. Shasi bai taɓa dubawa ba. Takardu kuwa sunan wani mutum ne da bai taɓa gani ba. Daga nan aikin nema ya riga ya yi rauni, domin a idon hukuma mai abin hawa shi ne wanda sunansa ke cikin rajista.

Akasarin abin da ke taimakon mutum ranar da aka yi masa sata, aikin da ya yi ne tun ranar da ya saya. Kuma rabin wannan aikin ana yin sa da wayar da ke aljihu.

Me ya sa zancen ya shafi Gaya da Ajingi?

A watan Janairun 2013 gwamnatin jihar Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni, A Daidaita Sahu ta maye gurbin acaɓa. Amma a ƙananan hukumomin karkara irin Ajingi da Gaya da Albasu, babur ne har yau ke kai mai ciki asibiti, ya kai taki gona, ya kai buhu kasuwa. Ga matasa da yawa shi ne jari, shi ne sana'a.

Yankin kuma yana maƙwabtaka da jihar Jigawa, ga babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil da Gaya ta nufi wajen Dutse. Abin hawan da aka ɗauke da hantsi yana iya kwana a wata jiha, ƙarƙashin wata rundunar 'yan sanda daban. Wanda bai san babur ɗin a ido ba, ba shi da abin da zai gane shi da shi sai lambobi. Shi ya sa lambobin ke da muhimmanci fiye da fenti da sitika.

Yadda ake karanta lambar abin hawa

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ke kula da tsarin lambobin abin hawa a Najeriya. Jihohi ne ke yin rajista su ba da lambar. A Kano aikin yana ƙarƙashin Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jiha, KIRS, ta ofisoshin lasin ɗinta.

Tsarin da aka fito da shi a 2011 yana farawa da haruffa uku, sai alƙaluma uku, sai haruffa biyu. Haruffa ukun farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajistar da sunanta: AJG na Ajingi, GYA na Gaya, KMC na Birni da Kewaye. Ba garin mai motar suke nunawa ba. Mutumin Ajingi yana iya hawa mota mai KMC, babu laifi a ciki. Launin rubutun ma yana da ma'ana: shuɗi na abin hawan gida, ja na haya, kore na gwamnati.

Ƙarfen da ake ɗaurawa a baya alama ce kawai. Ainihin abin yana cikin rumbun bayanai na FRSC da ake kira NVIS. A can kowace lamba tana haɗe da sunan mai ita, da adireshinsa, da ƙirar abin hawan, da launinsa, da lambar shasinsa. Duk wanda ya taɓa ajiye sunaye a waya zai gane wannan: lambar ita ce abin da ake bugawa, bayanan da ke fitowa su ne gaskiyar magana. Idan an buga lambar babur ɗin matashin nan, sunan wani ne zai fito.

To, lambar ta wa ce?

A nan mutane da yawa ke kuskure. Lokacin da aka kawo sabon tsarin a 2011, zamanin Osita Chidoka yana shugaban FRSC, hukumar ta bayyana cewa lambar tana ɗaure ne da mai abin hawa. Ma'ana, ba kamar taya ko madubi ba ce da ake sayarwa tare da mota a wuce wurin. Wannan ya haifar da ƙa'idoji uku.

Na farko, wanda ya sayi abin hawa na hannu wajibi ne ya je ofishin lasin a yi masa canjin mallaka, bayanan su koma sunansa. Takardar yarjejeniya da shaidu tana da amfani a gaban alƙali, amma ba ta sauya ko harafi ɗaya a cikin rumbun bayanai.

Na biyu, wanda ya sayar shi ma yana da abin tsoro. Idan ya bar lambarsa a jikin motar da ya sayar, aka yi fashi da ita ko ta buge mutum direba ya gudu, gidan da 'yan sanda za su fara ƙwanƙwasawa shi ne na wanda sunansa ya fito. Sai ya sha wahalar tabbatar da cewa ya daɗe da rabuwa da ita. Don haka mai sayarwa ya tsaya sai an yi canjin mallaka, ya kuma ajiye kofin takardar ciniki da hoton katin shaidar mai saye.

Na uku, ba a cire lamba daga wani abin hawa a ɗaura wa wani haka kawai, ko da duka biyun na mutum ɗaya ne. Wanda tsohon babur ɗinsa ya mutu ya kwance lambar ya ɗaura wa sabo, ya yi laifi, kuma ya jefa kansa cikin zargi. Domin idan jami'i ya duba ya ga shasin jiki bai dace da na rajista ba, abin da zai fara zuwa ransa shi ne kayan sata.

Akwai kuma masu yawo da babur babu lamba sam, abin da ya zama ruwan dare a ƙauyuka. Doka ta wajabta rajistar babur da A Daidaita Sahu kamar yadda ta wajabta ta mota. Babur maras rajista kuwa ya fi kowanne daɗin sata, domin babu inda aka rubuta cewa na wani ne.

Shasi: lambar da ɓarawo ya fi tsoro

Lambar baya kusoshi biyu ke riƙe da ita, minti ɗaya ya isa a kwance ta. Lambar shasi kuwa a jikin ƙarfen abin hawan aka buga ta tun daga masana'anta. A babur ana samunta a wuyan firam, ƙarƙashin kan babur, lambar inji kuma tana jikin injin daga ƙasa. A mota ana ganinta ta gilashin gaba a ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofar direba, da kuma kan ƙarfen jikin motar.

Tun 1981 aka daidaita wannan lamba, wadda a takardu ake rubuta ta da VIN, ta zama haruffa da alƙaluma 17. Ba a sa haruffan I da O da Q a ciki don kada a rikita su da 1 da 0. Duk shasin da aka ga ɗaya daga cikinsu, ko dai an yi kuskuren kwafa ko an yi wasa da shi. Ukun farko suna nuna ƙasa da kamfani: J na Japan, W na Jamus, L na Sin, 1 da 4 da 5 na Amurka, 2 na Kanada. Baburan Bajaj na Indiya kan fara da MD2.

A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka da Kanada, waɗanda suka cika kasuwar motocin Kwatano, akwai wata dabara. Gurbi na tara alƙalamin tantancewa ne. Ana mayar da kowane harafi lamba, a ninka kowanne da adadin da aka ware wa gurbinsa, a tara, a raba da 11. Ragowar ita ce ke zama a gurbi na tara, idan ragowar 10 ce sai a rubuta X. Wanda ya goge alƙalami ɗaya ya buga wani, yawanci lissafin ba zai fita ba, kuma shafukan fassara VIN na kyauta a intanet suna nuna haka nan take. Gurbi na goma kuma shekarar ƙira ne: 5 na 2005, A na 2010, L na 2020. Dillalin da ya ce mota 'yar 2012 ce alhali gurbi na goma ya nuna 8, ya ƙara mata shekara huɗu da baki.

Wannan lamba ce ke bin abin hawa har ƙetare. A watan Satumban 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka shigo da su Najeriya. Duk wanda ya sayi ɗaya daga cikin irin waɗannan motoci, ko da da zuciya ɗaya ya saya, zai iya wayar gari babu mota babu kuɗi. Ƙa'idar shari'a ita ce ɓarawo ba ya mallakar abin da ya sata, don haka ba shi da mallakar da zai sayar wa wani. Wanda kuma ya karɓi kaya yana sane, ko yana da dalilin zargin na sata ne, sashe na 317 na dokar Final Kod ya tanadar masa ɗaurin da zai iya kai shekara 14.

Binciken minti goma kafin a biya kuɗi

Ga abin da mai saye zai yi da wayarsa yana tsaye a gaban abin hawan.

1. Ya goge wurin shasi da tsumma, ya haska fitilar waya, ya ɗauki hoto. Ya duba ko akwai alamar gurza, ko walda, ko sabon fenti a wurin kaɗai, ko alƙaluman da ba su jeru daidai ba.

2. Ya gwada shasi da lambar inji da abin da ke rasit da takardar mallaka, harafi bayan harafi. Bambancin alƙalami ɗaya ya isa a fasa ciniki.

3. Ya shiga nvis.frsc.gov.ng, ya nemi wurin tantance lamba, ya rubuta ta. Amsa iri uku ake samu: lambar sahihiya ce kuma an ba wa abin hawa kaza, ko FRSC ta buga ta amma ba a ba wa kowane abin hawa ba, ko kuma babu ita sam. Shafin ba ya nuna sunan mai ita, amma yana nuna ƙira. Idan lambar tana jikin Golf amma shafin ya ce Corolla, magana ta ƙare.

4. Ya duba inshora a askniid.org, ko ya danna *565*11# ya bi umarni. Wannan rumbun Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Najeriya ne, NIID, kuma lambar dannawar tana aiki ko a ƙaramar waya babu data.

5. Idan mota ce da aka shigo da ita daga waje, ya nemi takardun Kwastan, ya tabbatar shasin da ke kansu shi ne na jiki. Tun 2021 akwai rajistar ƙasa ta VREG da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta kafa, wadda ita ma da shasi take aiki.

6. Ya nemi ganin mai shi ido da ido, da katin shaidarsa. Dillalin da ya ce mai shi ya yi tafiya, takardu sai an dawo, kuma ya karya farashi ƙasa da na kasuwa sosai, ya ba da amsa da kansa. Arha ba ta ado.

Abu ɗaya da ya kamata a sani: shafi ya ce lamba sahihiya ce ba ya nufin abin hawan ba na sata ba ne. Ɓarayi kan kwafi lambar wata mota mai ƙira da launi iri ɗaya su ɗaura. Shasi ne ke raba gardama.

Inshorar da ke aljihun yawancin direbobi ba ta biyan sata

Doka ta daɗe da wajabta wa duk mai abin hawa inshorar da ke kare wanda ya yi wa ɓarna a hanya, wadda a takarda ake rubuta mata Third Party. Daga 1 ga Janairu 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ƙara kuɗinta. Motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, diyyar dukiyar da aka lalata wa wani kuma ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. A Daidaita Sahu naira 5,000 ce da diyya har miliyan 2, babur naira 3,000 da diyya har miliyan 1. Daga 1 ga Fabrairu 2025 rundunar 'yan sanda ta fara tilasta ta a faɗin ƙasa.

Wannan inshora tana biyan wanda aka buge ko aka fasa wa mota. Ba ta biyan mai abin hawa sisin kwabo idan an sace masa. Mutane da yawa sai ranar da suka je neman diyya suke jin haka.

Masu biyan sata iri biyu ne. Akwai wadda ta haɗa ta farkon da gobara da sata, mai suna Third Party Fire and Theft. Akwai kuma cikakkiya, Comprehensive, wadda ta ƙara har da lalacewar abin hawan mai shi a haɗari. NAICOM ta ce kuɗin cikakkiyar kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar abin hawan. Motar naira miliyan 8 ke nan za a biya mata aƙalla 400,000 a shekara. Kuɗi ne mai nauyi, kuma kowa zai auna da halinsa. Mai babur, musamman na haya, ya fara tambayar kamfanin ko yana ba da irin wannan ga babura, da kuma sharuɗɗan da ya gindaya.

Ga wanda ke da damuwa ta fuskar addini, akwai takaful. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma kamfanoni irin Noor Takaful da Jaiz Takaful sun samu lasisi. A tsarin takaful mahalarta suna zuba gudummawa a asusu ɗaya, a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa daga ciki, idan an samu rara a ƙarshen shekara a raba musu bisa ƙa'ida.

Ko wace iri aka zaɓa, a duba ta a NIID bayan an biya. Takardar da aka buga a shagon kwamfuta aka haɗa cikin takardun mota, idan ba ta fito a rumbun ba, takarda ce kawai.

Abubuwan da ke kashe neman diyya

Inshora yarjejeniya ce tsakanin kamfani da mutum mai suna. Ba ta bin mota zuwa hannun sabon mai ita. Matashin da ya sayi babur da inshorar mai shi na farko, ko da cikakkiya ce kuma wa'adinta bai ƙare ba, ba shi da bakin neman diyya. Shi ma mai shi na farko ba zai samu ba, tunda ya sayar, ba shi da asarar da zai nuna.

Sauran abubuwan da kamfanoni ke kafa hujja da su sanannu ne. Jinkirin sanar da su, bayan wa'adin da ke rubuce a yarjejeniya ya wuce. Yin haya da abin hawan da aka yi wa inshora a matsayin na gida. Barin makulli a jiki. Bayanin da aka ba 'yan sanda ya saɓa da wanda aka rubuta a fom ɗin kamfani. Shasin da ke kan inshora ya bambanta da na rajista, wani lokaci saboda kuskuren mai buga takarda da ba wanda ya duba.

Abin da suke nema yawanci shi ne rahoton 'yan sanda, fom ɗin neman diyya, takardun abin hawa na asali, rasit ɗin saye, da makullai har da na ajiya. Sukan jira wani lokaci ko za a gano shi. Idan za su biya, darajarsa ta kasuwa a ranar satar suke dubawa, ba su wuce adadin da aka rubuta a yarjejeniya, sannan su cire wani kaso da aka amince mai shi zai ɗauka da kansa. A nan akwai tarko. Wanda ya rubuta darajar motarsa miliyan 4 shekaru uku da suka wuce, yake ta sabuntawa a haka alhali farashinta ya ninka, miliyan 4 ɗin ce iyakarsa. Wanda yake ganin an zalunce shi yana iya kai ƙorafi sashen karɓar koke na NAICOM.

Masu karɓar babur ko A Daidaita Sahu a kan yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan su ma su lura. Takardu suna sunan mai kayan har sai an gama biya. Tun ranar farko a rubuta wa zai ɗauki asara idan an sace, da makomar kuɗin da aka riga aka biya. Rashin wannan layi ɗaya ya isa ya raba zumunci.

Tiraka: abin da take yi da inda take gazawa

Na'urar bibiya, wadda aka fi sani da tiraka, abu biyu ne a akwati ɗaya. Ɓangaren GPS yana sauraren taurarin ɗan'adam ya lissafa inda yake. Shi ba ya aika komai. Layin waya da ke ciki ne ke tura wurin zuwa wayar mai shi, ta saƙon tes ko ta manhaja. Wasu suna da ƙaramin makunni da ake haɗawa da wayar wuta, a kashe injin daga nesa.

Rauninta yana wajen layin. Idan kati ko data ya ƙare, ko kamfani ya rufe layin saboda ba a haɗa shi da NIN ba ko ya daɗe ba a amfani da shi, tiraka ta zama kurma. Idan an shiga dajin da babu sabis, sai wurin ƙarshe da ta turo za a gani. Don haka a zaɓi layin da ya fi ƙarfi a yankin, a gwada ta kowane mako, a sauya lambar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, domin irin su 123456 kowa ya san su. A sayi mai batirin ajiya a ciki, wadda ke turo saƙo da zarar an cire batirin babur. Kuma a bar wa mai haɗawa ɗaya amintacce sanin inda aka ɓoye ta.

Ƙananan na'urori irin AirTag na Apple ba su da layi. Suna dogara ne da wayoyin iPhone da ke wucewa kusa su ɗauki siginarsu ta Bluetooth. A unguwar da iPhone ta yi yawa suna aiki. A ƙauyen da kusan kowa Tecno ko itel ko Infinix yake riƙe, suna iya yin kwanaki ba su ce komai ba. Google ya buɗe irin wannan tsari ga wayoyin Android a 2024, amma duka biyun an tsara su su gargaɗi wanda na'urar ke bi, ke nan ɓarawon ma yana iya samun sanarwa.

Tiraka ba ta maye gurbin takardu. Ko ta nuna gidan da babur yake, sai an tabbatar wa 'yan sanda cewa na mai ƙorafin ne kafin su miƙa masa.

Awa ta farko bayan sata

A fara da caji ofis mafi kusa da inda abin ya faru, ko a kira 112. A tabbatar an rubuta ƙorafin, a kuma nemi takardar rahoto, domin da ita inshora da ofishin lasin za su yi aiki. Sai a shigar da rahoton a shafin rajistar ababen hawa na 'yan sanda, cmris.npf.gov.ng, wanda aka mayar na intanet a ƙarshen 2022 kuma yake da sashen sanar da abin hawan da aka sace. Amfaninsa shi ne jami'in da ke wata jiha yana iya ganin an yi masa alama. A sanar da kamfanin inshora a ranar, a rubuce, ko da saƙon imel ne, don a samu shaidar lokaci. A sanar da mai unguwa, da 'yan sintiri, da shugabannin 'yan acaɓa da na masu gyara, domin su ne ke ganin abin da ke shiga da fita.

Wajen yaɗa cigiya a WhatsApp da Facebook, a sa hoto, da launi, da lamba, da garin da aka ɗauke. Kada a ɗora hoton takardu gaba ɗaya, domin mai son buga na jabu ya samu abin kwafa. A ɓoye wata alama guda da mai shi kaɗai ya sani, kamar tsaga a ƙarƙashin kujera. 'Yan damfara kan bi irin wannan cigiya su kira su ce sun ga babur a wani gari, a turo kuɗin mai. Tambaya ɗaya kan alamar da aka ɓoye takan kore su.

Idan tiraka ta nuna wuri, a tafi da 'yan sanda. Tara abokai a je da sanduna yana iya ƙarewa da rasa rai, ko a daki wanda shi ma saya ya yi bai sani ba, mai neman haƙƙinsa ya koma wanda ake tuhuma.

Rahoton yana da wani amfani ko da ba a gano abin hawan ba. Lambar tana nan da sunan mai ita. Idan aka yi aika-aika da ita bayan wata shida, takardar da ke ɗauke da kwanan watan satar ita ce za ta wanke shi.

Idan aka gano bayan an biya diyya

Da zarar kamfani ya biya cikakkiyar diyya, abin hawan ya zama nasa. Idan ya bayyana daga baya, wajibi ne a sanar da kamfanin. Wanda yake son kayansa sai su daidaita ya mayar da kuɗin. Riƙe duka biyun a ɓoye zamba ce. A kuma koma wajen 'yan sanda a cire alamar sata daga rajista, in ba haka ba mai shi da kansa za a tare a shingen bincike.

Aikin yau

Duk mai babur ko mota yana iya gama wannan kafin la'asar. Ya ɗauki hoton shasi, da lambar inji, da lambar baya, da abin hawan ta ɓangarori huɗu, da kowace takarda. Ya ɗora su a Google Drive ko ya tura wa kansa ta imel, don kada su tafi tare da waya idan ita ma ta ɓata. Takardun asali su zauna a gida, kofi ya bi abin hawa. Ya buga lambarsa a shafin FRSC, ya danna *565*11# ya ga ko inshorarsa na nan. Idan kuma sunan da ke kan takardun ba nasa ba ne, ya nemi wanda ya sayar masa tun ana ga-maciji, su je ofishin lasin tare a yi canjin mallaka.